Shakespeare a Teburin Mai Shayi

(Bayan sallar isha'i. Alhaji Maƙo yana jujjuya wani ɗan littafi. Malamin Adabi da Sarkin Fawa suna kan benci, Mai Shayi yana fifita wuta.)

ALHAJI: Allah gafarta Malam, duba min wannan. Makarantar yarona ta ce dole a saya, wai yana cikin jarrabawar WAEC. Wane ne wannan mai sanƙon?

MALAM: William Shakespeare ke nan, marubucin wasan kwaikwayo, mutumin garin Stratford a Ingila. An haife shi a 1564, ya mutu ranar 23 ga Afrilu, 1616.

ALHAJI: Mutum ya haura shekara 400 a kabari, amma har yanzu hannunsa yana aljihuna! Ɗan sarki ne?

MALAM: Ɗan baduku ne. Ubansa safar hannu ta fata yake ɗinkawa.

SARKIN FAWA: Ashe namu ne. Baduku ai ba ya cin abinci sai mahauci ya feɗe.

MALAM: Yana da shekara 18 ya auri Anne Hathaway mai shekara 26, a Nuwamban 1582. A watan Mayun 1583 suka haifi Susanna.

MAI SHAYI: (yana lanƙwasa yatsu) Disamba, Janairu, Fabrairu... Malam, ni fa wata shida nake gani.

MALAM: Kai, butarka na tafasa, kula da ita.

ALHAJI: Bar zancen haihuwa. Nawa yake samu?

MALAM: Ba rubutun ne ya azurta shi ba, jari ya zuba. Yana da kaso a ƙungiyar 'yan wasan, yana kuma da kashi ɗaya cikin goma na gidan wasan Globe lokacin da aka gina shi a Landan a 1599. Ka biya kwabo ɗaya, ka tsaya a fili, ruwa ya dake ka, don tsakiyar gidan babu rufi. Ka ƙara kwabo, ka samu benci a inuwa. Ka ƙara wani, a ba ka matashi. Wajen ƙarfe biyu na rana ake farawa, saboda rana ce fitilarsu.

ALHAJI: Tsayuwa kuɗi, zama kuɗi, matashi kuɗi. Wallahi na fara son yaron nan.

MALAM: Bari ka ji inda suka samo katakon. Tsohon gidan wasansu a filin haya yake, yarjejeniya ta ƙare, mai fili ya ƙi sabuntawa. A ƙarshen Disambar 1598, mai fili ba ya gari, suka zo da kafinta suka kwance ginin kaf, daga baya suka tsallakar da katakon kogin Thames suka kafa sabo.

ALHAJI: Innalillahi! 'Yan haya? Na janye son da na ce.

MAI SHAYI: 'Yan matan wasan fa, akwai masu kyau?

MALAM: Babu mace ko ɗaya a dandalin. Yara maza waɗanda muryarsu ba ta buɗe ba su ake ɗaura wa kayan mata. Ranar da muryar yaro ta fashe, ranar ya tashi daga amarya. Kuma ba a ba ɗan wasa labarin gaba ɗaya. Nasa zancen kaɗai ake kwafa masa da hannu, tare da kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafinsa. In wancan ya tsallake su, kai ma sai ka tsaya kana zare ido.

SARKIN FAWA: To me ke cikin labaran? Akwai nama?

MALAM: Akwai naka ma. A wasan attajirin birnin Venice, Antonio ya tsaya aka ci bashin tsabar zinariya 3,000 a wurin Shylock, na wata uku. Sharaɗi: in bai biya ba, a yanki fam ɗaya na naman jikinsa. Ya dogara da jiragen ruwansa, jiragen ba su dawo a kan lokaci ba.

ALHAJI: An rubuta? Da shaidu? To a yanka mana.

MALAM: Sai Portia, matar abokin da Antonio ya tsaya wa, ta shigo kotu da shigar lauya namiji, ta ce ya yanka, amma takarda nama ta ce, ba ta ce jini ba. Ko ɗigo ɗaya ya zuba, ya shiga uku. Kuma kada ya ɗara fam ɗaya, kada ya gaza.

SARKIN FAWA: Ranka ya daɗe, wannan yarinya ta san tukuba. Fam ɗaya bai cika rabin kilo ba. Ko a saniyar da aka rataye tun asuba, babu mahaucin da zai sa wuƙa sau ɗaya ya samu daidai, sai an ƙara guntu ko an rage. Balle a jikin mai rai, babu jini? Wannan ciniki tun daga takarda ya mutu.

MALAM: Shi ma Shylock ɗin ba haka kawai ya ƙeƙashe ba. Antonio ya sha tofa masa yawu a kasuwa don shi Bayahude ne. Mutumin nan ko mugu ya ƙirƙira, sai ya ba shi bakin da zai faɗi abin da aka yi masa.

MAI SHAYI: Ni na soyayya nake so.

MALAM: Romeo da Juliet saƙo ne ya kashe su. Ta sha maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42. Aka rubuta wa Romeo wasiƙa zuwa Mantua, garin da yake gudun hijira, cewa dabara ce. Ɗan saƙon ya biya ta wani gida, jami'an gari suka yi zargin annoba, suka kulle shi a ciki. Labarin mutuwa ya riga wasiƙar isa.

MAI SHAYI: Magana mai nauyi haka, a ba mutum ɗaya, shi ma mai biye-biye?

MALAM: Othello kuma hankici ɗaya da bakin munafuki ɗaya suka sa ya kashe matarsa. Amma naka, Alhaji, shi ne Sarki Lear. 'Ya'yansa mata uku, ya ce zai raba musu ƙasa tun yana raye, wadda ta fi iya yabonsa ta fi samu. Biyu suka zuba kirari. Autar ta ƙi yin zaƙin baki, ya kore ta hannu wofi. Ya ajiye wa kansa dakaru 100. Babbar ta ce a mayar da su 50, ta biyun ta ce 25, ƙarshe suka ce ko ɗaya me zai yi da shi. Ya kwana a daji cikin hadari.

ALHAJI: (ya dafe aljihu) Nima fa uku gare ni.

SARKIN FAWA: Kwantar da hankalinka, Alhaji. Kai da ko ƙashin miya sai an kai ruwa rana kafin ka saya, wa zai zarge ka da rabon dukiya da rai?

ALHAJI: Gidan wasan nan yana nan, ko magada sun cinye?

MALAM: Wuta ta cinye shi ranar 29 ga Yuni, 1613. Ana wasan Sarki Henry na Takwas aka harba igwa don armashi, tartsatsi ya faɗa kan rufin ciyawa. Babu wanda ya mutu. Mutum ɗaya ne wandonsa ya kama, aka kashe masa da kwalbar giya.

MAI SHAYI: Da shayi ne da ya ƙara ƙonewa.

MALAM: Wasannin ma saura ƙiris rabi su ɓace. A 1623 abokan aikinsa biyu, Heminges da Condell, suka tattara guda 36 a littafi ɗaya, 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth.

ALHAJI: To ita uwargidan, me ya bar mata?

MALAM: Yawancin dukiyar Susanna ya bar wa. Matar kuwa layi ɗaya aka saƙala mata a wasiyya: gadon kwanciyarsa mai daraja ta biyu.

SARKIN FAWA: Ba ma na ɗayan ba?

ALHAJI: Gado sukutum? Da katifa?

MALAM: Har da kayan shimfiɗa.

ALHAJI: Kai, Turawa da almubazzaranci! Tabarma ba ta isa ba?