Muna yi wa kiɗa tafi, muna raina makaɗi

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da kiɗa da rawa na gargajiya a nan Tawa shi ne yadda muke son kiɗan, amma muke ƙyamar mai yinsa.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, tambari da kakaki na sarki, gangar noma kuwa ita ke zuga samari ranar gayya har su kai ƙarshen kunya ba su ji gajiya ba. Kalangu ma magana yake yi, domin makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka kamar yadda muryar Bahaushe ke yi, shi ya sa dattijo kan ji take daga nesa ya san wanda ake kira da gidan da ya fito. Wannan ilimi ne da ake ɗauka tun ana yaro a gaban uba, ba daga littafi ba.

A garin nan aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, kuma kowa ya san ɗan kokowa ba ya tsima ya yi kirari sai an kaɗa masa takensa. Sunan marigayi mawaƙi Ɗan Gurmu aka sa wa babbar gasar waƙa ta ƙasa. Imzad, gogen da matan Abzinawa ke gogawa, ya shiga kundin al'adun gargajiya na hukumar UNESCO a 2013, duk muka yi murna.

Amma mutumin da ke liƙa wa makaɗi kuɗi a fage shi ne zai hana ɗansa auren ƴar makaɗin, ya ce ai gidan roƙo ne. To, wane yaro ne zai gaji sana'ar da ake yi masa gori da ita? Ƴaƴan makaɗa da yawa sun ajiye ganga sun tafi bida Abijan ko Libiya, ni kuwa ban ga laifinsu ba, tunda ko a gidan biki yanzu mai lasifika ake kira saboda ya fi araha.

Cibiyar Elhadji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗa, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai ina roƙon hukumomin jiharmu su ɗauki tsofaffin makaɗan yankinmu na Adar da suka rage su koyar a makarantu, a biya su albashi kamar kowane malami, a kuma ɗauki takensu a faifai tare da bayanin mai kowane take, tun suna da ƙarfin riƙe makaɗi.