Mu ke manna musu fasta, amma ba wanda ya taɓa tambayarmu me muke so

Duk wanda ya taso daga Kwangila ya bi ta PZ, ko ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka a lokacin kamfe, ya san abin da nake nufi. Fasta kan fasta, wannan ya manna da daddare wancan ya zo da asuba ya rufe, har bango ya yi kauri kamar an yi masa sabon yaɓe. Kowa ya sha babbar riga ya karya hula yana murmushi, a ƙasa an rubuta Garkuwan Matasa, Jagoran Talakawa, Alheri Ya Zo. Wata rana ina jiran ɗan sahu na tsaya da gangan na karance su ɗaya bayan ɗaya, wallahi ban ga ko guda da ta faɗi abin da mutumin zai yi in ya hau ba. Suna, hoto, tambarin jam'iyya, shikenan.

Kuma kafin wani ya ce ina wa mutane wa'azi, nima na manna. A 2022 da malaman jami'a suka yi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba, muna zaune a majalisa ba karatu ba sana'a, wani yayanmu na unguwa ya zo da bandir ɗin fasta da bokitin sitati ya ce kowa dubu biyu. Muka kwana muna shafe bangon mutane. Har yau in ka tsare ni ka ce meye manufar mutumin da na manna, ban da amsa. Hularsa dai na tuna, zanna ce mai kyau.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawanmu. A rajistar da INEC ta fitar kafin zaɓen 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne, kuma masu shekara 18 zuwa 34 sun kai miliyan 37, kusan kashi 40 cikin ɗari kenan. Ranar 25 ga Fabrairu waɗanda suka fito gaba ɗaya ba su wuce kashi 27 ba, Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu. Ka lissafa da kanka, matasan da ke cikin rajista sun ninka ƙuri'ar wanda ya zama shugaban ƙasa sau huɗu. Nan Kaduna ma a zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris tazarar Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai dubu goma sha ɗaya ba, ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo kaɗai sun ninka wannan adadin. To da irin wannan yawan ai kamata ya yi ɗan takara ya riƙa rawar jiki in zai yi magana da mu, amma a'a, waƙa ake sa mana.

Ni fa ba na gaba da waƙa. Siyasar Arewa tun zamanin NEPU da NPC da waƙa ake yinta, kuma ko ni in aka saki mai daɗi a gidan biki sai ka ga ƙafata na motsi. Matsalar ita ce waƙar ta cinye komai. A yi wa mutum kirari tun daga kakansa, a zagi abokin hamayya da habaici, a ce wane ya sha ƙasa, minti goma sha biyu ba a ambaci asibiti ko makaranta ba sai dai in ana neman kalmar da za ta dace da amshi. Daga nan sai sojojin baka su karɓa a rediyo da daddare, a sayi fili a ba mutum minti biyar ya yi ta ɓaɓatu. Sai kuma mu, 'yan data. Wannan ita ce sabuwar sana'ar da ba a koyarwa a ko wace makaranta: a tura maka kati ko dubu biyar a wata, kai kuma ka wuni a Facebook da TikTok kana kare mutumin da ko lambarka ba shi da ita, kana zagin abokinka da kuka yi firamare tare saboda shi nasa ogan daban ne. Su kuma manyan ka gansu a ɗaurin auren 'ya'yansu a sahu ɗaya suna dariya.

Mafi muni ita ce tallar da ba ta da uba. Fasta aƙalla ka san na wane ne. Amma odiyon WhatsApp da ake turowa ana saura kwana biyu zaɓe, wai an ji wane ya ce kaza game da addini ko ƙabila, ko bidiyon da aka yanke kai da gindi, wa ya biya kuɗinsa? Ba wanda ya sani. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana yaɗa tallar ɗan takara a rediyo da talabijin da jarida awa 24 kafin ranar zaɓe, amma wa zai hana gwaggonka tura odiyo a guruf ɗin dangi da ƙarfe ɗayan dare? Kuma wannan ba sabon abu ba ne, a 2018 jaridun Ingila sun bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015, har da bidiyon tsoratar da mutane a kan Buhari. Yanzu kuma da ake iya haɗa muryar mutum da na'ura, Allah dai ya kyauta.

Ita dokar ta 2022 ta ma sa iyakar kashe kuɗi, biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai. Wanda ya ga jerin gwanon motoci da atamfa da taliya da aka raba ya faɗa min ko an tsaya a nan. A 2018 Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun takara, majalisar wakilai da ta jiha suka dawo 25, shugaban ƙasa 35, muka yi ta murna. Da 2022 ta zo APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa miliyan 100, PDP miliyan 40, ba a ma zo maganar daliget masu zaɓen fidda gwani ba. An buɗe mana ƙofa an ajiye mai karɓar kuɗin shiga a bakinta.

Wannan ne ya sa kwanaki nake ta tunanin ƙuri'ar raba gardama. A wasu jihohin Amurka in ka shiga rumfa ba sunayen mutane kaɗai ke kan takarda ba, har da tambayoyi: a ƙara wannan harajin ko kar a ƙara, a yi wannan dokar ko a bari. A 2020 mutanen Fulorida sun zaɓi Trump, kuma a takarda ɗaya sama da kashi 60 suka amince a kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa, abin da 'yan jam'iyyarsa ba sa so. Wato mutum na iya son ɗan takara ya kuma ce masa a'a a kan wata magana. Mu nan an ɗaure mana komai a ƙunshi ɗaya, in ka dangwala wa tsintsiya ko lema to ka sayi duk abin da ke cikin buhun, har wanda ba a nuna maka ba. An cire tallafin mai a ranar rantsuwa, 29 ga Mayu 2023, da jimla ɗaya. Ko kana ganin daidai ne ko kuskure, ba a taɓa ajiye maka akwati an ce zo ka faɗi ra'ayinka a kai ba.

Kuma ba wai baƙon abu ne a wajenmu ba. A 1961 da irin wannan ƙuri'ar mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya aka samu lardin Sardauna, a 1963 ma da ita aka ƙirƙiro jihar Yamma ta Tsakiya. Tsarin mulkin 1999 ya bar ta a 'yan wurare kaɗan, kamar ƙirƙiro sabuwar jiha da kiranye, wato jama'a su dawo da ɗan majalisarsu gida. Shi kiranyen kuwa sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu kafin a fara magana, an gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018 abin ya watse tun a wajen tantance sa hannu.

Amma fa kar in yaudari kaina. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ɗaya fuskar. A Agustan 2009 Tandja Mamadou ya shirya ƙuri'ar raba gardama don ya yi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce a'a ya rushe ta, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ce sama da kashi 90 sun amince, watanni shida bayan nan sojoji suka ɗauke shi. In mai mulki ne zai rubuta tambayar, shi zai ƙirga, shi ke da rediyo, to sunan kawai aka canja. Kuma masu taliyar nan ba inda za su je, gobe za su buga fasta mai "EH" da katon rubutu su kira mu mu manna.

Duk da haka ina ganin ko da taliyar, tambaya ta fi fuska. In maganar ita ce a fara da gyaran bututun ruwa ko a fara da sabuwar sakatariya, dole mai talla ya yi magana a kan ruwa, ba zai tsaya yana gaya min kakansa jarumi ba ne. A fara daga ƙasa, ƙaramar hukuma, abubuwan da kowa ke gani da idonsa: kasuwa, magudanar ruwa, asibitin unguwa. Jihar nan ce fa ta fara gwada zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, ba za a ce gwada sabon abu ya fi ƙarfinmu ba. Sannan duk wata talla, ta bango ko ta waya, a tilasta rubuta sunan wanda ya biya. Masu cewa talaka bai waye da irin wannan ba su tuna haka aka riƙa faɗa a kan mata, Hajiya Gambo Sawaba ta nan Sabon Gari ta sha ɗauri a kan maganar, kuma matan Arewa ba su shiga babban zaɓen ƙasa ba sai 1979. Yau in ka je rumfar zaɓe a Tudun Wada layinsu ya fi namu tsawo.

Fastocin 2027 sun riga sun fara fitowa. Yayan nan namu ya sake kirana, ya ce akwai aiki, wannan karon dubu biyar ne tunda komai ya tashi. Na ce Yaya ba matsala zan zo har da abokaina, amma don Allah ka tambayo min oga layi ɗaya tak, me zai yi a kan ruwa, tunda har yau 'yan ga-ruwa ne ke shayar da layinmu. Ya yi dariya ya ce kai dai boko ya ɓata ka, zai tambayo. Sati uku kenan.