A tambayi masu unguwa kafin a zuba kwalta

A garuruwanmu na Jigawa, layin unguwa wurin zama ne. A nan ake shimfiɗa tabarmar suna da ta zaman makoki, a nan ake shanya barkono, a nan 'yan talla ke sauke faranti su huta. Amma ranar da aka zo gyara layin, ba a tambayar ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane. Ɗan kwangila zai zo da zanen da aka yi a ofis, ya kawo katafila, ya zuba kwalta ya kama gabansa. Mu kuma mu yi ta godiya, domin mun daɗe muna jira.

Haka aka yi a garinmu, can tsakanin Ringim da Haɗeja. An ɗaga titin har ya fi dokin ƙofar gidaje tudu, magudanar ruwan kuma ta tsaya a tsakiyar unguwa, ba ta kai kududdufi ba. Da damina ta kankama sai ruwa ya riƙa gangarowa cikin zauruka, katangun laka suna jiƙa suna zubewa. Babu dattijon da bai san inda ruwan nan ke bi ba tun yana yaro, da an zauna da su da sun nuna da sanda. Ga shi hanya ta yi sumul, 'yan acaba suka samu wurin sheƙa gudu a gaban makarantar allo. Matasa suka fusata, suka yi karo-karo suka gina tudun rage gudu da siminti. Niyyarsu mai kyau ce, amma tudun ya yi tsini, babu fenti, babu fitila. Da daddare mai babur ba ya ganinsa sai ya daka, motar da ta ɗauko mai naƙuda kuwa sai ta tsaya cak ta haura a karkace. Injiniya ya yi nasa ba tare da mu ba, mu ma mun yi namu ba tare da shi ba, kuma duka biyun sun cutar.

Ina zaune a ƙasar Holan, su ma ba da lafiyayyun tituna suka faro ba. A shekarar 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito suna tare tituna suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. A birnin Delft aka fara gwada layukan da mota ke shiga a matsayin baƙuwa, kuma a 1976 doka ta amince da tsarin. A irin wannan layi direba ba ya wuce kilomita 15 a awa, yaro kuma yana da haƙƙin yin wasa a tsakiyar hanya.

Na ga yadda ake yi lokacin da za a sabunta layinmu. Ƙaramar hukuma ta aiko wa kowane gida wasiƙa, aka taru da yamma a zauren makarantar firamare, aka baje taswira a kan tebur. Wata tsohuwa ta ɗora yatsa a wata kwana ta ce motar da ke fakin a nan tana tare wa direba ganin yaran da ke fitowa daga lungu. Injiniyan ya rubuta. Da aka gama aikin, bishiya ce a wurin da benci, hanyar kuma an lanƙwasa ta da gangan yadda dole ka sassauta.

Na san za a ce su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma ban ce mu shimfiɗa jan bulo irin nasu ba. Amma zaman nan na yamma guda, nawa ya ci? Mu da muke da mai unguwa da dagaci da liman, muke da aikin gayya da 'yan sintiri, tara jama'a bai taɓa gagarar mu ba.

Inda muke da gyara shi ne waɗanda ake tarawa. Taron unguwa a wurinmu bayan sallar isha ne, a ƙofar masallaci, maza zalla. Alhali matar da ke cikin gida ita ta san ta inda ruwa ke shigo mata madafi, ita 'yarta ke faɗa wa lungun da take tsoron bi in ta dawo daga talla da magariba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai an fito da kowa dandali ba. Malamar Islamiyya da ungozoma da uwar adashe za su iya zagayawa gida-gida su kawo abin da mata suka ce. Yara kuwa a bi su a ƙafa daga gida zuwa makaranta, za a ga inda suke tsallaka titi da gudu.

Tun bayan ambaliyar 2022 mutane da yawa sun koma yanka filaye a kan tudu, sababbin unguwanni na tasowa a bayan gari. Yanzu ne lokacin magana, kafin masu awo su kafa turaku: ina ruwa zai bi, ina za a bar wa yara fili, ina fitilar sola ta fi amfani, nawa ne tsayin tudun rage gudu. Mu da ke waje kuma, da muke turo gudummawar kwalbati ta zauren WhatsApp na ƙungiyar ci gaban gari, mu riƙa tambaya kafin mu tura: an zauna da mutanen layin, an ji daga mata, akwai injiniyan da zai auna? In an ce a'a, a yi zaman tukuna, kuɗin na nan.