Bilicin ya koma ƙwaya, wa ke duba cikin kwalbar?

Man bilicin ko ba komai yana tona asirin kansa. Gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kumatu su ƙone, mai shafawa ta gani da idonta. Shi ya sa masu tallar kayan gyaran jiki a TikTok da Instagram suka sauya salo: yanzu ƙwaya ce ake haɗiya kullum, wai haske daga ciki.

Galibin ƙwayoyin nan glutathione ne, sinadarin da hanta ke samarwa da kanta. Yana rage samar da melanin, launin da ke kare fata daga rana. Wani gwaji da aka wallafa a 2012 daga ƙasar Tailan, kan ɗalibai 60, ya ba wasunsu miligiram 500 a rana har mako 4. An ga ɗan haske, ba a ga babbar illa ba. To amma ina mako 4, ina shekara da shekaru? Da an daina sha launin asali yake dawowa, don haka sai a ci gaba da saye, abin da mai kasuwa ke so ke nan.

Wadda ƙwaya ta yi wa jinkiri kuwa, musamman amaryar da biki ya matso, allurar glutathione take komawa. Tun 2011 hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗin cewa allurar na iya lalata ƙoda, ta kuma jawo cutar da fata ke saɓulewa. A 2018 takwararta ta Ghana ta ja kunnen masu juna biyu da ke shan ƙwayar don jariri ya fito fari. Ga kuma bitamin C da ake jibgawa a kai. Yawansa, sama da miligiram 2,000 a rana, na iya haifar da tsakuwar ƙoda.

Babbar damuwata ita ce haɗin gida da ake ɗurawa a kwalba ba lamba, ba sunan kamfani. Ita ƙoda ba ta kuka da wuri, sai ta kusa gamawa ƙafa ke kumbura.

NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bilicin a 2023. Samame a kantunan man shafawa bai wadatar ba, tunda cinikin ya koma waya. A bi masu tallar nan har inda suke haɗawa, a kai kayansu ɗakin gwaji, a sanar da jama'a sakamakon da Hausa a rediyo.