Ba ayaba ya saya ba, takarda ya saya

Labarin ya ce an sayar da ayabar da aka manna a bango da salatif a matsayin aikin fasaha a kan dala miliyan 6.2 a gwanjon Sotheby's, a Nuwamban 2024, sai kowa ke cewa mai sayen ya zautu. Jama'a, mai sayen, Justin Sun, da hankalinsa garau. Harkar kuɗin kirifto yake yi, kasuwar da surutu ke tafiyar da ita, duk inda aka ambaci sunansa riba ce. Ba a jima ba ya tara 'yan jarida a Hong Kong, ya ɓare ayaba ya cinye a gabansu. Ko gidajen talabijin ya biya, da wuya ya samu irin wannan talla.

Abin da ya mallaka kuwa takardar shaida ce daga mai aikin, Maurizio Cattelan ɗan Italiya, da umarnin yadda za a manna ayabar. In ta yi baƙi, a sauya wata. A baje kolin ayyukan fasaha na Art Basel na Miami a 2019, dala 120,000 aka sayar da irinta, ku lissafa ribar wanda ya ɓoye takardarsa shekara biyar. Guda uku kacal aka fitar kasuwa, ƙarancin ke ɗaga farashi, rigimarmu kuma ke yi mata shela kyauta.

Ni dai mai teburin da aka sayi ayabar a wurinsa nake tausayi, ko rabin dala bai karɓa ba.