Mai shagon bindigar da ya ƙi karɓar kuɗinmu ranar farko

Na daɗe ina juya wannan maganar a raina, don na san da zarar an ji kalmar bindiga wasu za su ce ai Amurka ta juya wa wane kai. To ku yi haƙuri ku karanta tukuna.

Shekarata tara a Houston, jihar Teksas. Uwargida tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, takan tashi ƙarfe sha ɗaya, wani lokaci har sha biyu. Wani dare cikin hunturun bara wani mutum ya biyo ta tun daga ƙofar wurin aiki har bakin motarta, ya kama hannun ƙofar yana ja. Allah ya taimake ta ta riga ta kulle. Ta iso gida jikinta yana ɓari, ko ruwa ta kasa sha. Wata biyu muka yi muna ja-in-ja kafin muka yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga, irin wadda ake ɗauka a jiki. Ni ne ma mai jan ƙafa, ita ce ta nace.

Shago uku muka shiga, kuma ba zan kama sunan ko ɗaya ba.

Na farko ƙarami ne, kawunan barewa a jere a bango, maza uku sun jingina da kanta suna hira. Muna shiga hirar ta mutu. Mai shagon ya dube ni, ya dubi hijabinta, ya sake dubana. Na ce masa ita za a saya wa. Ko tambaya ɗaya bai yi mata ba, ya zaro wata 'yar bindiga mai juyawa, mai harsashi biyar, mariƙinta ruwan hoda, ya ajiye a gabana, ya ce mata irin wannan suke so. A gabana fa, ba a gabanta ba. Da ta tambaye shi yadda ake buɗe ta, sai da ya ja dogon numfashi kamar an ce ya ɗebo ruwa a rijiya gaba dubu. Yana bayani yana wasa da ita a hannu, bakinta ya ratsa ta kan ƙirjina sau biyu. A lokacin ban san wannan babban laifi ne a wurin masu harkar ba, na dai ji tsigar jikina ta tashi. Daga baya kuma na gane cewa irin wadda ya zaɓar mata tana cikin mafi wuyar harbawa ga sabon shiga: kunamarta da tauri, jikinta ba nauyi, duk ƙarfin harbin a tafin hannu yake sauka.

Ba zan yi masa ƙazafi ba, bai ce uffan a kan addini ba. Mai yiwuwa haka yake raina duk wanda bai san sunayen bindigogi ba. Amma wanda ya zauna a ƙasar nan ya san dalilin da ya sa zuciya take kai mutum can. A 2015 wani mai shagon bindiga a Fulorida ya fito ya shelanta cewa ba ya son Musulmi a shagonsa, ƙungiyar CAIR mai kare haƙƙin Musulmin Amurka ta kai shi ƙara, kotu ta kori ƙarar. Wanda ya san wannan labarin ba ya shiga irin wurin nan da sakakken jiki.

Shago na biyu shi ne ya sa na yi wannan rubutun, domin shi ne wanda yawancinmu za mu fito muna yabo. Katon kanti ne, ana sayar da tanti da ƙugiyar kamun kifi da takalman wasanni, bindigogi suna can ƙurya. Saurayin da ya tarbe mu akwai fara'a, har da yaba kalar gyalenta. Cikin minti goma ya fito da wata 'yar ƙaramar bindiga mai suna SIG P365, ya ce ita ake yayi, harsashi goma take ci duk da ƙanƙantarta, kuma akwai ragi a makon. Duk gaskiya ya faɗa, tun fitowarta a 2018 ta cika kasuwa. Ya miƙo fom, ya tallata mana katin bashin kantin, ya ce in an yi sa'a kafin la'asar mun isa gida da ita. Da a Kantin Kwari ne yaron nan ya yi mini haka a kan shadda, wallahi sai na ƙara masa na goro.

Amma bai tambaye ta ko ta taɓa harba bindiga ba. Bai tambaya ko muna da yara ba, alhali muna da uku, ƙaramin bai kai shekara biyar ba. Sannan ya dube ni ya ce tunda katina yana hannu, in cike fom ɗin kawai da sunana, ya fi sauri.

Wannan fom ɗin, mai lamba 4473, na ATF ne, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da harkar bindigogi, kuma cikin tambayoyinsa na farko akwai cewa ko kai ne ainihin mai sayen. Doka ta yarda mutum ya saya da kuɗinsa ya ba da kyauta ta tsakani da Allah, shi ya sa ba zan ce yaron ya tura ni ga laifi ba. Sai dai iyakar siririya ce, kuma bai ɓata minti ɗaya ya nuna mana ita ba. Akwai wani tsohon ɗan sanda, Abramski, da kawunsa ya ba shi kuɗi ya saya masa bindiga ƙirar Glock, kawun kuwa ba wanda doka ta hana mallaka ba ne. Duk da haka aka sami Abramski da laifin yin ƙarya a kan fom ɗin, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2014. Tun 2022 kuma sayen bindiga da sunanka domin wanda aka hana yana iya kai ka ɗaurin shekara 15. Mu kuwa mutanen "saya mini, zan turo maka" ne. Ni kaina an taɓa kirana daga gida ana tambayata ko zan iya cusa ɗaya cikin motar da zan aika a kwantena. Na ce wa mai kiran ya rufa mini asiri, ina da 'ya'ya.

Abin da ya hana mu saye ranar ƙaramin abu ne. Uwargida ta ce a ba ta ta gwada ja da saman bindigar baya, yadda ake ɗana ta. Ta ja, ta ja, ya ƙi zuwa. Yaron ya yi dariya ya ce za ta saba. Na tambaye shi in ba ta saba ba fa, za mu iya dawo da ita? Ya ce a'a, bindiga in ta fita ta fita. Haka yake a yawancin shaguna, in ka dawo da ita sai dai su saya a hannunka a farashin ta hannu. Ashe cinikin biri a sama muke shirin yi, na dala ɗaruruwa.

Na ukun wani abokin aikina ne ya kwatanta mana. Dattijo ne farin fata, furfura har gira, shagonsa yana haɗe da wurin koyon harbi. Tambayarsa ta farko ita ce wa zai riƙe ta. Da na nuna ta, ya juya wajenta, kuma in ban da gaisuwar sallama bai sake bi ta kaina ba. Kin taɓa harbi? Yara nawa ne a gidan, shekarunsu nawa? A ina za ta kwana? A jaka kike son sa ta, jakar da yaro yake lalube yana neman alewa? Wurin aikinki sun yarda a shiga da ita? Wannan ta ƙarshen ba mu taɓa tunaninta ba, muka kalli juna.

Duk bindigar da zai ba ta, sai ya zare gidan harsashin, ya ja samanta baya, ya leƙa, ya nuna mata ta leƙa da idonta, sannan ya miƙa bakin yana kallon bango. Sau shida ko bakwai ya yi haka, ko sau ɗaya bai tsallake ba, alhali shi ya ciro su daga gilashi da hannunsa. Ina kallonsa sai hadisin nan ya faɗo mini a rai, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai san ko Shaiɗan zai fizge hannunsa ba. Dattijon nan ba na jin ya taɓa jin hadisin, amma aiki yake da shi kullum.

Da na zaro katin kuɗi, ya ɗaga mini hannu. Ya ce yau ba zai sayar mana ba. Mu biya kuɗin haya kaɗan, ta shiga ciki da wata mata mai koyarwa, ta harba guda huɗu, mu je gida mu kwana da shawara. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na baro aiki, na zo da kuɗina, ana ce mini in je in dawo kamar mai neman bashi.

Ta fito bayan awa ɗaya da labari daban. 'Yar ƙaramar da aka kusa sayar mana ita ta fi naushin hannu, ɗan yatsanta na ƙarshe ma ba ya samun wurin kamawa. Glock 19, mai harsashi 15, ta fi daɗin harbi nesa ba kusa ba, amma ta yi mata girma a jiki. Wadda ta zauna mata ita ce Shield EZ ta kamfanin Smith & Wesson, wadda dama an yi ta ne don masu wahalar ɗanawa. Harsashi takwas kacal take ci, ba wanda yake fariya da ita. Amma ita ce uwargida take iya ɗanawa, ta harba, ta kwance ta goge ba tare da ta kira ni ba.

Da muka dawo, ya ce ita za ta cike fom da hannunta tunda tata ce. Ya rage murya ya tambayi matsayin takardunta, ba a gaban jama'a ba. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, sai dai ya rubuta lambarsa ta shige da fice. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, in ban da 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Ya tura bayananta ga tsarin binciken FBI, wanda ake aiki da shi tun 1998, amsa ta dawo cewa a dakata. Kafin gabanta ya faɗi ya ce mata hakan yana yawan faruwa ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ba zargi ba ne, ta je zai kira ta. Washegari da yamma ya kira. Sannan ya sa muka raba kuɗin: kube mai rufe kunama gaba ɗaya, akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, harsasan koyo, da kuɗin aji. Ya kuma zaunar da mu a kan abin da za ta yi in ɗan sanda ya tsayar da ita: hannu a kan sitiyari, magana a hankali, kada ta kai hannu ko'ina sai an ce. Bai ambaci Philando Castile ba, amma ni shi na tuna, baƙar fatan da ɗan sanda ya harbe a Minesota a 2016 yana cikin motarsa, bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, alhali kuwa yana da lasisinta.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki wannan da zafi. Tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta cire wajibcin lasisi ga mai ɗaukar ƙaramar bindiga. A da sai ka zauna aji na awa huɗu zuwa shida, ka yi jarrabawa, ka harba a gaban malami. Yanzu wannan ganin dama ne. Ke nan mutumin da yake bayan kanta shi kaɗai ne malamin da mutane da yawa za su taɓa gani kafin su sa abin kisa a ƙugunsu. A 2020 kaɗai an yi irin binciken nan na FBI kusan sau miliyan 40 a ƙasar nan. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. A New Hampshire, a 2009, mutum uku sun sayi bindiga a shago guda cikin ƙasa da mako, kowannensu ya kashe kansa da ita, abin da ya sa masu shagunan jihar da ma'aikatan lafiya suka haɗu suna koya wa masu kanta gane mai saye da yake cikin ƙunci. Yaron da yake gaggawar rufe ciniki kafin la'asar, yaushe zai lura da idon da ya kwana yana kuka?

Na san abin da wasu abokaina na nan za su ce: haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, mai shago ba alƙali ba ne, kuma in ka ba shi damar tace mutane, mu masu hijabi da baƙar fata za a fara tacewa. Tsoron nan gaskiya ne, na ɗanɗana shi a shagon farko. Amma na zauna a shagon dattijon ina jiran uwargida, na ji shi yana yi wa wani ƙaton Bature mai hular kaboyi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, har da ta yara. Mutumin shagon farko kuwa kallo ya yi mana ya yanke hukunci. Wani kuma zai ce ai dattijon ya fi cin kuɗinmu, da haya da aji da akwati. Ƙwarai ya ci, Allah ya sa masa albarka.

Masu karatu daga gida, kada wani ya ce na ce a je a nemi fistol. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, ba shago ake shiga ba.

Tambayar nan tasa ta wurin aiki, da muka bincika, ashe an hana ma'aikata shiga da makami. Don haka bindigar a akwatinta take zama cikin mota, kuma tsakanin ƙofa da mota, daidai inda mutumin nan ya biyo ta, ba ta tare da ita. Dattijon ya hango haka tun ranar farko, shi ya sa kafin mu fita ya ɗora mata 'yar kwalbar feshin barkono a kan kanta, ya ce ta maƙala a jikin makullinta, ta kuma roƙi mai gadi ya riƙa raka ta. Mai gadin yana raka ta har yau. Ranar Asabar, in ba ta da aiki, ni nake zama da yara ita ta tafi wurin harbi.