Muryar mace a symphonic metal ba ado ba ce

Wasu na cewa muryar mace a symphonic metal, wato kiɗan gita mai ƙarfi da ake haɗawa da sautin gogunan Turawa, kwalliya ce kawai a kan hayaniyar gita. Ba haka ba ne. A Nightwish, ƙungiyar Finland da aka kafa a 1996, muryar Tarja Turunen mai horon opera ce ke ɗauke da karin waƙar har aka sallame ta a 2005, kuma Floor Jansen ta gaji wannan nauyi tun 2012.

Wahalar tana wajen haɗa sauti. Gitar lantarki mai kaushi da muryar mawaƙiya suna cin karo tsakanin kilohats 2 zuwa 4 a ma'aunin kaifin sauti. Idan injiniya bai rage gita a wannan zango ba, kalmomi sai su nutse. Lasifikar waya ma kan ɓata kiɗan. A saurara da abin kunne mai kyau.

A dandali kuma, galibi sautin gogunan Turawa da amshin mawaƙa an naɗe su ne tun farko, mai ganga yana bin bugun lokaci a kunnensa. Ya kauce kaɗan, komai ya wargaje. Within Temptation kuwa, ƙungiyar symphonic metal ta Netherlands, maimakon sautin da aka naɗa sun kawo babban rukunin makaɗa na Metropole Orkest ɗungurungum zuwa wasansu a birnin Rotterdam a 2008.